Malam Edita, ko mutanen Atina sai da suka bar Sukurat ya kare kansa

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina gaisuwa, kai da abokan aikinka, ya zafi? Mu dai nan Garwa sai hamdala, rana ake kamar ta gasa mutum, kogin Binuwai ya ja baya har yara na buga ƙwallo a kan yashi, kuran (wutar lantarki) kuwa yau akwai gobe babu.

Abun da yasa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutun, kwanakin nan ina ta ganin muhawara a shafinku da Facebook kan dimokuraɗiyya. Wani yace ai Girkawa ne suka kawo wa duniya 'yancin faɗin albarkacin baki, wai a can kowa na faɗin abun da yaga dama ba mai taɓa shi. Wani kuma yace duk abun da jama'a suka taru a kai to shine gaskiya. Ni duka biyun sun tsaya min a wuya. Ba wani shehin malami bane ni, firamare na koyar shekaru masu yawa kafin na koma shagon yadi a kasuwa, amma ina da 'ya a ajin tarminal a lise, wato ajin ƙarshe na sakandare, bana zata rubuta bak, jarrabawar gama sakandare kenan, kuma a tsarin karatun Faransanci da muke bi a wannan ajin yara ke shan filozofi sosai. To tun farkon shekara ta ishe mu da wani Sukurat, dare yayi ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta buɗe kaye, littafin rubutunta, tana haskawa da fitilar waya, ta karanto da Faransanci ni kuma in maida Hausa don mamanta taji, tun ina yi don ta ƙyale ni har abun ya shiga raina na koma neman littattafan tarihi da kaina. Sukurat ɗin nan wani masani ne na birnin Atina a Girka, shine malamin Aflatun, Aflatun kuma shi ya karantar da Aristo, malaman zaure da sukai zurfi a littattafan Larabci sun san waɗannan sunayen.

Bari in fara da kotunsu don nan abun mamakin yake. A birnin Atina, shekara wajen 2,400 da suka wuce, yawancin shari'u babu wani alƙali guda mai rawani ko mai baƙar riga da zai yanke hukunci, jami'in da ke jagorantar zaman ma bashi da ta cewa. Duk shekara ana ɗibar mutum 6,000 cikin 'yan gari maza da suka kai shekara 30 a rantsar dasu, ranar shari'a da sassafe sai a fitar da waɗanda zasu zauna. Ƙaramar magana mutum 201 ko 401, babba 501, wata har 1,001 ko 1,501, ɗayan nan na sama don kar ayi kunnen doki ne. Kuma ba zaɓensu ake ba, ƙuri'a ake fitarwa, ƙuri'a ta asali irin ta watanda, in an yanka saniya an kasa nama kowa ya kawo tsinkensa a ba yaron da bai san na kowa ba ya ɗora. Su a ganinsu zaɓe na masu kuɗi da masu suna ne, ƙuri'a kuwa bata san ɗan wane ba. Daga baya har na'ura suka ƙera, wani falalen dutse mai ramuka layi layi, kowa ya kawo ɗan katinsa mai sunansa a soka a rami, a gefe akwai bututu da ake zuba 'yan ƙwallaye farare da baƙaƙe, in fari ya faɗo mutanen layin nan sun shiga, in baƙi ne su kama hanyar gida. An tono guntayen dutsen, suna nan a gidan tarihi a Atina. Ka duba hikimar, wa zaka kai wa goro? Mutum 501 ne kuma baka san su waye ba sai safiyar ranar.

Ana biyansu ladan zama. Wani jagoransu Perikilis ne ya fara, daga baya wani jagoran Kiliyon ya kai shi obol 3 a wuni, rabin dirakma kenan a kuɗinsu, alhali magini na samun kusan dirakma guda, to kaga mai sana'a mai tafiya ba zai rufe shago ya zo ba, tsofaffi da marasa abun yi su suka fi cika wurin. Wani mai wasan barkwanci Aristofanis har wasa yayi a kansu a shekara ta 422 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya kwatanta su da rina, don harbi kawai suke jira suyi.

Lauya kuwa babu, kai zaka tashi ka kare kanka da bakinka, mai kuɗi dai yakan sayi jawabi a rubuce ya haddace. Abun da yafi burge ni shine tulun ruwa. Tulu ne mai ɗan huji a ƙasa, a cika shi a cire toshiya, kana magana ruwa na tsiyaya cikin wani kasko, ruwa ya ƙare to bakinka ya ƙare. Awon ruwan da aka ba mai ƙara shi za a ba wanda ake ƙara, daidai wa daida. In an gama babu wani keɓewa ayi shawara, kowa ya jefa ƙuri'arsa a ƙirga a wurin, wuni guda an gama, kuma babu ɗaukaka ƙara. A shari'un da suka shafi gari, in mai ƙara bai samu ko kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'u ba, tarar dirakma 1,000 ta hau kansa. Wannan dokar kam wallahi da za a aro mana ita da masu ƙage sun ragu.

Sai dai kar a ruɗe mu da kalmar "jama'a". Mata basa ciki, bayi basa ciki, baƙi ma basa ciki ko da a garin aka haife su, tun dokar 451 sai wanda uwa da uba duk 'yan Atina ne. Aristo da kansa yayi shekara sama da 30 a garin bai taɓa jefa ƙuri'a ba don ɗan Sitagira ne. Ni nan kakana daga Kano yazo fatauci ya zauna, a Garwa aka haifi babana, nan aka haife ni, da a Atina ne har jikokina baƙi ne. Shi yasa in naji ɗan uwana Bahaushen Kamaru na cewa mai rinjaye shi ke da gaskiya sai in ce malam ka ƙirga mu tukuna. A Hausare, wato unguwar Hausawa, muna da yawa, ka sauka Yawunde ko Duwala ka fita daga unguwar Hausawa ka sake ƙirgawa.

To ga shari'ar kanta. Shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sukurat na da shekara 70, tsohon soja ne da ya yi wa garinsa yaƙi, babansa mai sassaƙar dutse mamansa ungozoma, yawo yake ba takalmi a kasuwa yana tare manya yana musu tambaya, kai da kace ka san adalci to menene adalci, mutum ya amsa ya sake jefo wata har ya rasa ta cewa samari na gefe suna dariya. Mutum uku suka kai shi ƙara, Melitus da Anitus da Likon, wai bai yarda da allolin gari ba, yana kawo sababbin abubuwan bauta, kuma yana ɓata tarbiyyar samari. Anitus ɗin babban ɗan siyasa ne mai arzikin jima, kuma abun dariya wani tsohon rubutu da ake dangantawa da Aristo yace shine mutum na farko da ya sayi alƙalai da kuɗi a tasa shari'ar shekarun baya. Mutum wajen 500 suka zauna. A yadda Aflatun ya rubuta, kuma yana wurin, sau da yawa sai da tsohon ya roƙe su su daina hayaniya su bari ya ƙarasa. Aka ƙirga, kusan 280 sun ce yayi laifi 220 sun ce a'a, shi da kansa yace da mutum 30 sun sauya da ya kuɓuta.

A irin wannan shari'ar mai ƙara ya faɗi hukuncin da yake so, wanda aka kama ya faɗi nasa, alƙalan su ɗauki ɗaya cikin biyun. Masu ƙara suka ce kisa. Da yace a kore shi daga gari da wataƙila an bar shi, amma sai dattijon nan ya tashi yace shi abun da ya cancanta gari ya riƙa ciyar dashi kyauta kamar yadda ake wa zakarun wasannin Olimfik. Nan mamansu ta ajiye tsintar shinkafa tace wannan tsoho da taurin kai yake. Daga baya ya ambaci tarar mina 1, abokansa su Aflatun da Kirito suka tsaya masa aka kai mina 30, dirakma 3,000 kenan, amma ina, an riga an fusata. Aka yanke kisa. Yayi kusan wata guda a kurkuku don jirgin ibadarsu ya tafi tsibirin Delos kuma ba a kisa sai ya dawo, Kirito ya shirya masa hanyar gudu amma ya ƙi, yace ba zai karya dokar garin da ya rayu a ƙarƙashinta shekara 70 ba. Ya sha gubar da hannunsa. Maganarsa ta ƙarshe ma wasiyya ce, wai ana binsu bashin zakara na bakance ga wani abun bautarsu a tabbata an biya. Mutumin da aka ce bashi da addini kenan fa.

Abun da ba a cika faɗa wa yara a aji ba shine me ya faru kafin nan. Atina ta sha kashi a hannun birnin Siparta a 404 bayan yaƙin shekara 27, aka ɗora musu wasu azzalumai 30 da suka kashe mutum wajen 1,500 cikin 'yan watanni, jagoransu Kiritiyas kuma yana cikin masu zama wajen Sukurat a da, haka ma Alkibiyadis da ya taɓa gudu ya koma wajen abokan gaba. Da dimokuraɗiyya ta dawo a 403 aka yi yafiya, aka rantse ba za a tuhumi mutane kan abun da ya wuce ba. To ga haushi a ciki ga doka ta rufe ƙofar siyasa, sai aka biyo ta ƙofar addini. Shekara 50 da wani abu bayan nan wani ɗan siyasa Eskinis ya faɗa wa alƙalai ƙiri ƙiri cewa sun kashe Sukurat ne don shi ya karantar da Kiritiyas. Alhali Sukurat ɗin lokacin da azzaluman suka aike shi ya kamo wani Liyon na Salamis a kashe, juyawa yayi ya tafi gida. A 406 kuma da taron gari ya harzuƙa zai yanke wa kwamandojin ruwa hukunci a dunƙule, shi ne yaƙi yarda don ya saɓa doka, aka dai yi aka kashe 6.

Wannan sa wa haushi rigar addini mun san shi ai Malam Edita. Rigimar fili ce ko kishin kasuwa ko neman aure, mutum yaga ba zai ci nasara ba sai yace wane ya zagi addini, shikenan ba mai sake tambayar filin.

Kar a fahimce ni a baibai. Ni Musulmi ne, bana goyon bayan a zagi addinin kowa, kuma bance Sukurat waliyyi bane. Amma mu tsaya mu duba su waye allolin da aka kashe shi dominsu, Zus ne da Afolo da sauran gumaka, waɗannan 280 ɗin kuma har zuciyarsu sun yarda addini suke karewa. Mu da muke karanta ƙissar Annabi Ibrahim (AS) mun san su wa suka fi yawa ranar da aka hura wuta. Shi kuma mai cewa a Girka kowa na faɗin abun da yaga dama, gaskiya ne a dandalin taronsu mai shela kan tambaya wa ke son magana, talaka ya tashi ya faɗi tasa, har shugabanni ana zagi a wasan kwaikwayo. Amma babu wata doka da zata tsaya maka ranar da taron ya juya maka baya. Anaksagoras da yace rana wani ƙaton dutse ne mai zafi sai da ya bar garin. Aristo ma a 323 da aka taso masa da irin wannan tuhumar tattara kayansa yayi ya ƙaura, shekara na zagayowa ya rasu a can.

Yanzu in zo kan abun da ya hana ni barci. Watanni kaɗan da suka wuce, bayan la'asar ina auna wa wata hajiya shadda, sai naji ihu ɓarawo ɓarawo daga layin masu kayan miya. Wani yaro ne ɗan dako, bai fi shekara 17 ba, wai ya zare wayar wani. Kafin in sa takalmi in isa an kewaye shi, masu kilando, wato 'yan acaɓa, sun ajiye moto sun shigo, wani da icen tura kura, wani da bel, wanda ma yanzu ya iso bai san me akai ba shima ya kai nasa. Yaron yana ƙasa ya rufe kai da hannu, bakinsa na jini, abu ɗaya yake ta maimaitawa da Fillanci da Hausa, ku tsaya in faɗa, ku tsaya in faɗa. Ba wanda ya tsaya. Wani dattijo mai sayar da goro ne ya faɗa kansa ya rufe shi da babbar riga yana salati, sannan wani yayi dabarar da tun farko ya kamata ayi, yace a kira lambar. Aka kira. Wayar tayi ƙara a ƙarƙashin buhun albasa inda mai ita ya tsuguna yana ciniki. Kowa ya sulale, mai wayar yace ayi haƙuri sharrin shaiɗan ne. Haƙoran yaron biyu suna ƙasa, ni na ga wata mata ta tsince su ta ƙulle masa a leda. Ni kuma da nake wannan rubutun tsayawa nayi ina cewa ku bari ku bari daga nesa, ban shiga ba, tsoro naji, gara in faɗa.

Da daddare 'yata na karanta darasinta sai tunanin tulun nan ya faɗo min. Masu bautar gumaka, kuma hukuncin zalunci suka yanke, amma sai da aka rubuta tuhuma, aka sa rana, aka cika masa tulu daidai da na masu ƙararsa, aka ƙirga ƙuri'u har muka san mutum 220 basu yarda ba. Yaronmu ko ludayi guda na ruwa ba a bashi ba. Kuma wannan waya ce, da cewa akai ya taɓa addini ban san ko rigar dattijon zata isa ba.

Abun haushin mu ba sai mun je Girka aro ba. Kowane almajiri ya san hujja na kan mai da'awa rantsuwa na kan wanda ya musa. A Suratul Hujurat an ce in fasiƙi yazo da labari a bincika. A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu na fadar Lamiɗo suka gada akwai i'izari, alƙali baya yanke hukunci sai ya juyo ya tambayi mutum ko yana da sauran magana ko wata hujja, in yace akwai a bashi lokaci ya kawo. Sayyadina Umar a wasiƙarsa ga Abu Musal Ash'ari ya gaya masa hukuncin da ya yanke jiya kar ya hana shi komawa ga gaskiya in ya gane ta yau. Ka ga abun da kotun Atina ta rasa kenan, hanyar komawa baya. Shi kansa Sukurat ya faɗa musu da dokarsu bata ce a gama shari'ar kisa a wuni ɗaya ba da ya gamsar dasu. Kuma Imamu Malik da muke bin mazhabarsa bulala aka masa a Madina kan fatawar da bata yi wa masu mulki daɗi ba, to mu ba sai an koya mana ba cewa wanda ake duka ba lallai shi ne mai laifi ba.

Akwai wani labarin nasu da nake so. A 427 taron Atina ya fusata da mutanen Mitilini da suka yi tawaye, aka yanke a kashe duk mazan garin a bautar da mata da yara, jirgi ya tashi da umarnin. Suka kwana suka tashi jikinsu yayi sanyi, aka sake taro aka sauya da ƙyar, aka tura jirgi na biyu, matuƙa na tuƙi suna cin abinci a kan aiki suna barci bi da bi, suka isa ana gab da farawa. Mutanen jiya ne dai, ba a sauya kowa ba, barcin dare ɗaya kawai suka samu. Shi yasa in an turo min murya a WhatsApp wai wane ya faɗi kaza a taru, nakan ce wa yaran shagona ba mai turawa gaba sai gobe, in da gaske ne ga komisariya ga fada ga kotu.

Roƙona gare ku 'yan jarida, in an kawo muku irin wannan labarin ku nemi wanda ake zargi ku bashi layuka daidai da na mai zarginsa, in yana tsare ku nemi danginsa. Limamanmu kuma da fastoci, tunda nan garin Fulani da Hausawa da Fali da Gidar da Mundang kasuwa ɗaya muke ci, su riƙa faɗa a mumbari cewa ihu ba shaida bane.

Yaron ya dawo dako bayan sati uku, yanzu a layinmu yake tsayawa baya zuwa wajen masu kayan miya. Mun haɗa masa 'yan sefa mu 'yan layi, kuɗin sa haƙori dai basu kai ba tukuna. Mai wayar kuwa har yau yana zuwa cefane, jiya ma na ganshi.

A gafarce ni na cika ku da surutu, in wuri bai isa ba a rage amma dan Allah a bar maganar yaron.

Naku,
wani mai shagon yadi, Garwa, Kamaru